Ranar da Ruwa Ya Kamu da Ciwon Hanta

"Ruwan ma ya kamu!" in ji Dogo, mai kula da inji. "Anti, ruwa fa!"

Ɗakin gwaji ya rikice. Duk jinin da aka gwada ya nuna ciwon hanta, har da 'yar kwalbar da ake zuba wa ruwa zalla don a kama kuskure. A waje kuma wata mata na zaune, an shirya gobe za ta ba ƙaninta ƙoda. In sakamakon ya fita haka, an fasa aiki.

Anti Safa ake ce mata, don kafin ka gama gaishe ta ta sauya safar hannu. Aikinta kullum ta tatso ƙwayoyin gado daga jini, ta wanke su, ta ɗiga su a kwalabe, ta miƙa ta taga zuwa ɗakin injin da ke ninka su. Dokarta guda: abin da ya shiga can ba ya dawowa, ko biro ne.

"Wa ya shigo min?"

Mai shara ta rantse. Dogo ya rantse, ya ƙara da zargin aljanu. Aka tuhumi firji, aka tuhumi ƙuda. Likita na ta bugo waya.

Can Anti ta ɗaga kai. "Wannan fankar ta ina ce?"

Ashe ganin makonta na ƙarshe ne kafin ritaya, ga zafi, sai abokan aikinta suka haɗa baki suka ɗauko mata fankar ɗakin inji. Da ƙurarta, mai ɗauke da ragowar ƙwayoyin ciwon hanta da injin ya ninka.

"Ƙauna ce, Anti," in ji Dogo.

"Ƙaunarku ta kusa cinye ƙodar mutane. Miƙo bilic."

Ta wanke ɗakin tas, ta fita da kanta ta roƙi matar ta sake ba da jini. Ruwa ya fito lafiya. Matar ma haka. Yau ƙaninta har ƙwallo yake bugawa.

Anti, ke ce mai tsare ɗigon da ido ba ya gani. Wanda kika ceta bai ma san fuskarki ba. Mun gode, Allah Ya saka. Masu tasowa, ku riƙe dokarta, ku bar fanka inda take.

Ranar sallama ta rataya jaka kenan, wani mutum ya banko ƙofa rungume da kular ƙanƙara, gashin kaza a kafaɗarsa.

"Wace ce Anti Safa? Kajinmu na ta zubewa, yanzu kuma masu ba su abinci sun fara tari. Ga jinin na kawo a gwada."

Ta dubi ƙofa. Ta dubi kular. Ta ajiye jaka.

"Dogo, safa."