Ranar da Idirisu Majemi Ya Je Lekol

Shekara talatin Idirisu yana jima a majemar Damagaram. Ruwan bagaruwa ya rina masa hannuwa, warin ɗanyar fata kuma ya kama jikinsa har sabulu ya sallama. Mu da muke aiki tare da shi mun daina ji tuntuni. Mutanen gari kuwa takalmin suke so, ba su son zama kusa da wanda ya jeme fatar.

'Yarsa Munira ce ta fara kaiwa kwaleji a gidansu. Da ita yake cika mana baki kullum, har kunnuwanmu suka gaji.

Wata Litinin matarsa ta tsinci takarda a aljihun rigar yarinyar. Aka kai wa mai jin faransanci, ya ce lekol, wato makarantar yarinyar, ke kiran uba. Munira ta mari wata 'yar ajinsu da ta toshe hanci lokacin da ta wuce. Wannan ne kira na uku, daga shi sai kora. Idirisu bai taɓa ganin na ɗaya da na biyu ba.

Bai yi faɗa ba, ƙarfin ma babu. Washegari ya yi wanka sau biyu, ya sa rigar Juma'a, ya bar fatun mutane a jiƙe ya tafi.

Da ya ce ya zo kan maganar Munira, daraktan lekol ya dube shi sama da ƙasa. "Malam, kai wane ne? Uban Munira mun san shi. Mahamud, mai kanti a Zango. Sau biyu yana zuwa nan."

Mahamud maƙwabcinsu ne, mutum mai farin yadi da turare, wanda bai iya cewa a'a ba. Nan take Idirisu ya gane komai: shi Munira ke kawowa a matsayin ubanta.

Aka kira Munira. Ta tsaya bakin ƙofa, kanta a ƙasa.

Darakta ya ce, "In uban ƙarya kika riƙa kawo mana, yau ɗin nan za ki kwashe littattafanki. Wane ne wannan?"

Kafin ta buɗe baki Idirisu ya riga ta. "Ni maƙwabcinsu ne, mushe darakta. Babanta ya yi tafiya, shi ya aiko ni in ba da haƙuri."

Ya ba da haƙurin har da durƙusawa. Aka bar ta.

Da azahar ya dawo majema ya ba ni labari, ni Kolo, yana tuɓe rigar Juma'a. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce da tawa ce, a gaban daraktan zan faɗa mata sunan wanda ya haife ta.

Ya ce, "Saura shekara biyu ta gama, Kolo."

Ya tsoma hannu cikin ruwan toka, ya jawo fata ɗaya, ya daɗe yana kallonta. Can ya ce in tuna masa in mun tashi, zai biya wurin Mahamud ya roƙe shi kada ya bi ta gaban lekol wannan satin, tunda an ce ya yi tafiya.