Ramin Gunya

Baba Tsawa ake ce masa, kuma wanda ya raɗa masa sunan bai zalunce shi ba. Shekara talatin da huɗu yana aikin barga, babu mai kawo harawa ko direban tankar ruwa da bai ɗanɗani bakinsa ba. Guga ɗaya aka bari da datti, sai maƙwabta su san an yi laifi. Amma doki, ko wanda ya cije masa rabin ɗan yatsa tun yana saurayi, bai taɓa ɗaga masa murya ba. Matarsa takan ce da Allah ya yi ta da kofato da ta ji daɗin aure.

Ubansa mai amalanken doki ne, a ƙarƙashin amalanken nan ya yi rarrafe. Yana da shekara goma sha biyu ya fara kwashe kashin dawaki, kafin ya kai ashirin yana gane dokin da zai yi ɗingishi gobe daga yadda ya tsaya yau. Cikin 'ya'yansa biyar babu wanda ya gaje shi, kuma kowa ya san dalili ban da shi. Baba Tsawa ya iya aiki, bai iya koyarwa ba. Ka tambaye shi dalilin abu, sai ya ji kamar ka zage shi. Abin da ya sani ya shige masa jini tun yana ƙarami, har ya ɗauka duk mai ido biyu yana ganinsa, wanda ya ce bai gani ba kuwa iskanci ne kawai.

Bargar da tsufa ya same shi a ciki ta wani attajiri ce a bayan gari, dawaki tara. Yallaɓai ba ya hawa. Ranar Asabar yake zuwa da baƙi, a jingina da doki a ɗauki hoto, a wanke hannu da sabulu a tafi. Wurin ya damƙa shi a hannun ƙanin matarsa, aka ce wai manaja ne, mutumin da ke shiga barga da farin takalmi yana toshe hanci da hankici. Tsakaninsa da Baba Tsawa sai gaisuwa, ita ma don dole.

Manajan ne ya sayo goɗiyar, don ya ga ta yi kyau a hoton waya. Kwana biyu ta yi a bayan babbar mota, aka sauke ta tana rawar jiki, aka tura ta ɗakin ƙarshe mai bango har sama, inda ba ta ganin komai sai ƙofa. Launinta kamar madarar da aka ɗiga wa shayi, sai aka riƙa ce mata Gunya. Tun ranar ta fara tono. Ta ɗaga ƙafar gaba ta karci ƙasa, ta sake, ta sake, kunnuwa a tsaye, ido a waje, har bakin kofatonta ya fara cinyewa. Ranar Asabar ƙarar ta hana baƙi hira, manaja ya ce a kai mata dusa ta yi shiru. Aka kai, ta yi shiru. Cikin mako biyu Gunya ta gane karatun sarai, da ta tona ƙasa guga zai zo.

Da tonon ya ninka, manajan da ya koya mata shi ne ya fara cewa ta sangarce. Ya sa aka yi mata dabaibayi, aka haɗa ƙafafunta na gaba aka ɗaure da igiya. Baba Tsawa ya dawo daga kilisa da sauran dawaki ya tarar igiyar ta saɓule mata fata, tana ta fizga, jini na tsattsafowa. Ya sa wuƙa ya yanke, ya wuce ofis ya dire igiyar a kan takardun manaja, da jinin da komai.

Ya ce, "Manaja, ga kayanka. Ranar da tsoro ya kama ka, ka aiko in ɗaure ka da ita mu ga ko zai sake ka."

Manaja ya kai ƙara wurin Yallaɓai. Ya ce goɗiyar ta lalace, kuma akwai masu amalanken ɗaukar bulo da za su karɓe ta ko gobe. Baba Tsawa ɗan mai amalanke ne, ya san yadda bayan doki ke komawa idan ya shekara a wannan aiki.

Ya ce, "Yallaɓai, ba lalacewa ta yi ba, lalata ta ake yi. Dabba ce ta tashi cikin 'yan uwanta, aka kulle ta ita kaɗai kamar ta yi kisan kai. A ba ni wata biyu. In ba ta daina ba, ni zan ja ta har bakin mota. Amma kada kowa ya sa mini baki, har da masu farin takalmi."

Yallaɓai ya yi dariya ya ce an ba shi, ya shiga mota. Shi ko a jikinsa.

Washegari Baba Tsawa ya ɗauki guduma ya fasa taga a bangon da ke tsakanin Gunya da wani tsohon doki mai sanyin hali, yadda za ta riƙa ganinsa tana shinshinarsa. Ya sa ciyawa ba ta yankewa a gabanta. Safe da yamma yana jan ta yawo a bakin shinge yana yi mata hira ƙasa-ƙasa, irin hirar da matarsa ta yi shekaru tana nema. Sannan ya kafa doka ɗaya. Idan Gunya na tono, babu mai kallonta, babu mai yi mata magana, babu mai matsawa kusa. Shi kansa yakan tsaya da gugan dusa a hannu ya juya mata baya, ko minti ashirin ne, sai ƙafafunta huɗu sun natsu a ƙasa sannan ya zuba.

Mutum ɗaya ke taya shi aiki, Dogo, magidanci mai 'ya'ya shida, tsohon leburan gini. Ƙarfi kamar me, zuciya kuwa ba ta jure ganin abu yana wahala. A mako na biyu Baba Tsawa ya kama shi yana miƙa mata dusa a tafin hannu tana tsakiyar tono. Ranar har maigadi sai da ya leƙo daga ƙofa. Ta inda Baba Tsawa yake shiga ba ta nan yake fita ba, ya wanke Dogo tas a gaban mai kawo harawa, ya ce aikin kwana goma sha biyu ya rushe masa da tausayin banza.

Dogo ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Gani na yi kamar wani abu ne ke damunta. To in wata rana wani abu ne fa, yaya mutum zai gane?"

A duk tambayoyin da aka taɓa yi wa Baba Tsawa babu wadda ta fi wannan kyau, kuma amsarta ba ta fi minti ɗaya ba. Amma ransa a ɓace yake.

Ya ce, "Kai ne likitanta? Ni za ka koya wa doki? Ko ruwa ta tono, kada ka juyo. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Dogo ya ce ya ji.

Aikin kuwa ya ci. A mako na biyar Gunya sai ta yini ba ta karci ƙasa ba, in ban da sau biyu ko uku idan ta ji ƙarar guga. Fatar ƙafarta ta warke, ta yi ƙiba, takan kwantar da haɓa a tagar nan ta lumshe ido. Baba Tsawa ya fara wucewa ta gaban ofis yana gyaran murya. Ana haka har ya zama saura kwana tara wa'adi ya cika.

Sai ranar aikin idon matarsa ta zo. Yanar ido ce ta rufe mata ido ɗaya, an ɗage ranar har sau biyu saboda wani doki ba shi da lafiya. Wannan karon ta kafa ta tsare.

Ta ce, "Maigida, na haifa maka biyar, ko ɗaya ba ka raka ni ba, kana barga. In gobe ma dawaki ne, to ka kwashe kayanka ka koma can su riƙa dafa maka."

Ya shiga barga da sassafe ya ba da abinci, ya ga Gunya lafiya lau. Ya jaddada wa Dogo dokar, ya ce kada a dame shi da waya, ya tafi. Ya yini a bencin asibiti yana faɗa da masu layi. Da la'asar aka sallame su, ya kai ta gida da bandeji a ido, ko zama bai yi ba ya nufi barga.

Tun daga ƙofa ya ji ƙarar ba irin wadda ya sani ba ce. Ya tarar Gunya ta jiƙe sharkaf da gumi, cikinta ya kumbura kamar ganga. Ta karci ƙasa, ta waiwaya ta dubi cikinta, ta durƙusa za ta kwanta, ta miƙe. Ciyawarta tana nan ba ta taɓa ba, babu kashi ko ɗaya a ɗakin. Ciwon ciki ne, wanda ke kashe doki cikin yini guda. Dogo kuwa yana tsaye taku biyar daga ƙofarta, ya juya mata baya, ya riƙe tsintsiya da hannu biyu, rigarsa ta jiƙe kamar shi ne mai ciwon.

"Tun yaushe?"

Dogo ya ce, "Tun hantsi, Baba. Ban juyo ba. Wallahi ko sau ɗaya ban juyo ba."

Aka kira likitan dabbobi, ya zo ya yi allura, ya sa mata roba ta hanci, ya saurari cikin ya girgiza kai. Ya ce hanji ya riga ya murɗe. Da an kira shi da safe, wataƙila. Kafin rana ta faɗi Gunya ta kwanta ba ta ƙara tashi ba, kanta a cinyar Baba Tsawa.

Ya miƙe yana huci, yana neman wanda zai ci. Ya zazzage buhun dusa yana shinshinawa, ko manaja ya sayo ruɓaɓɓiya, ya tarar lafiyarta ƙalau. Ya duba ruwa, ya yamutsa ciyawa, babu komai. Ya faɗa ofis ko sallama babu, ya ce wa manaja yana zaune a nan dabba na mutuwa a ƙarƙashin hancinsa bai ko leƙa ba.

Manaja ya ce, "Na leƙa, Baba. Da azahar na je na ce anya lafiya, a kira likita. Dogo ya tare ƙofa ya ce ka hana. Kai ka ce a gaban Yallaɓai kada masu farin takalmi su sa maka baki, ni kuma na cire bakina."

Baba Tsawa ya so a ce ƙarya yake yi. Ya so ƙwarai. Ya fito ya nufi Dogo da dukan fushin da ya rage masa, ya ce wane irin makaho ne bai ga tana duban cikinta ba, bai ga gumi ba, bai ga ta ƙi ci ba, abin da ko jariri ya sani.

Dogo ya ɗago jajayen idanu. A shekara huɗu da suka yi tare, ranar ce ta farko da ya dube shi ido cikin ido.

Ya ce, "Na tambaye ka, Baba."

Ya jingina tsintsiyar da bango ya tafi wurin famfo.

Da aka zo aka ɗauke Gunya, sai ramin ya fito fili a bakin ƙofarta. Dogo ya ɗauko shebur zai cike, Baba Tsawa ya karɓe daga hannunsa. Kafin ya zuba ƙasa ya shiga ciki ya tsaya, ya kai masa har gwiwa. Ƙasar wurin tauri gare ta, kuma babu wanda ya fi shi sanin abin da kofato ɗaya ke iya cirewa cikin awa guda. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa ko zai ragu. Awa shida ta yi tana kira, da mutum a tsaye taku biyar daga ita, yana yin daidai abin da shi Baba Tsawa ya ce a yi.