Tantin makoki a tsakar gidan Burulkan

Duk mai cewa Burulkan eje, wato yaya Burulkan, ba ta da kunya, ya zo layinmu nan garin Tokmok ya maimaita a gabanmu.

Shekara ashirin da biyu matar nan tana ɗinkin wanduna a masana'anta. Mijinta ya rasu da ciwon ƙirji, ita kuma har gobe hayaƙin kwal take zargi. Shi ya sa ta koma pelet, garin katakon nan da ake dunƙulewa ƙanana kamar kashin awaki. Matsalar mai shago ce: buhu ɗaya-ɗaya yake sayarwa, sanyi na kamawa ya ninka kuɗin.

Bara a watan Satumba ta bi gida-gida. Gida goma sha ɗaya muka haɗa som ɗinmu, kuɗin ƙasarmu ke nan, aka yi odar tan takwas kai tsaye daga inda ake yin sa.

An yi da direba zai kawo ran Asabar. Sai ga shi ran Alhamis da hantsi, mutane duk suna wurin aiki, gidaje a kulle. Ya jibge buhunan a ƙofarta ya ƙara gaba. Ga hadari ya taso daga kan duwatsu. Pelet kuwa ruwa na taɓa shi sai ya kumbura ya zama kunu. Wutar hunturun gida goma sha ɗaya ke nan zube a titi, kuma babu rumfar da za ta ɗauka.

Burulkan ta kira mu, mu mata huɗu da ke gida, ta ce a fito da boz ui, tantinmu na gashin tumaki. Muka kalli juna. A cikin gari, in ka hango shi a tsakar gida ba a sanar da biki ba, mutuwa aka yi. A cikin wannan ɗin ma aka kwantar da mijinta.

"Ku kafa," ta ce. "Zunubin a kaina."

Muna gama ɗaure rufin sai ga tsoho Toktosun na ƙarshen layi, ya dafe ƙugu yana rusa kuka tun daga nesa, yadda maza ke yi in sun doso gidan gawa.

"Wayyo Burulkan, baiwar Allah!"

Ta leƙo da buhu a kafaɗa, ta kira shi "ake", yadda muke kiran namijin da ya girme mu. "Toktosun ake, ban tafi ba tukuna. Tunda kana da ƙarfin kuka, ɗau buhu."

Masu ta'aziyya bakwai suka zo, duk ta sa su dako.

Sannan Shaishenbek ya iso, wan mijinta, ko gaisuwa babu, ya kira ta "kelin", wato matar ƙane.

"Kelin, kin haukace? Inda aka shimfiɗe ƙanena kike zuba makamashi? Sauke shi yanzu, kina kira mana mutuwa!"

"Ake, mutuwa ta san gidan nan, ba sai an kira ta ba. Wancan karon ta murhun kwal ta shigo."

Ya kama igiyar tantin zai kwance. Ta ajiye buhunta a kan igiyar, ta zauna a kai.

"In ka sauke shi, gaba ɗayanmu gidanka za mu kwana a watan Janairu. Da jikokin Toktosun."

"Su tara ne," in ji Toktosun.

Ruwa ya fara ɗiga. Shaishenbek ya saki igiyar, ya ce ba zai sake taka gidan ba, ya fita. Mu kuma muka ruga kan sauran buhunan. Shida ne kawai suka jiƙe, ta ce a sa su a rabonta.

Ya cika alkawari kuwa, ko da salla bai zo ba. Abin na yi mata ciwo, na sani, don har yanzu tana aika masa burodin da ta gasa, ana dawo mata da shi.

Bana gida ashirin da uku ne suka shiga. Jiya na ji ta a waya tana tambayar wa ke da tanti na biyu.