Ranar da Matan Zumunta Suka Ɗora Jinkar Rumbunmu

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da yammacin da hadari ya taso alhali rumbunmu na buɗe. Yau na daɗe ina koyar da fiziks a Kafanchan, furfura ma ta fara leƙowa, amma duk ranar da na ɗauki alli zan zana gangare da igiya a allo, ƙanshin sabuwar ciyawa nake fara ji kafin in ce komai.

A lokacin ina kwalejin horar da malamai, na zo hutu ƙauyenmu da ke gefen hanyar Kachia. A wajenmu idan jinkar rumbu ta tsufa, wato hular ciyawar da ke rufe shi, da rani ake sauke ta. A ƙasa ake ɗaura sabuwa, sannan a sa rana mazan unguwa su taru su ɗaga ta su ɗora. Mata kuwa namu dama kunu da guɗa. Ba wanda ya taɓa hana mu taɓawa, kawai dai ba a taɓa gani ba. Baba ya sauke tsohuwar, ya gama ɗaura sabuwa mai kauri, an sa Asabar za a ɗora. Sai ga rasuwar wani dattijo a can wajen Kagarko, maza duk suka hau babura suka tafi jana'iza.

Abincinmu na shekara yana cikin rumbun nan. Dawa, masara, acca, har da irin shuka. Idan ruwa ya shiga, ba hatsin kaɗai zai ruɓe ba, bangon ƙasar ma zai jiƙa ta ciki ya zube.

Ina tsintar wake a tsakar gida iska ta canja. Mama ta fito daga kicin ta dubi gabas, ta ɗora hannu a ka. “Yesu! Ruwa ne wannan? Watan bai kai ba fa!” Muka jawo wata leda muka jefa a bakin rumbun, iska ta ɗauke ta ta kai gonar rogo. Mama ba mai kuka ba ce, mace ce mai faɗa da kowa har da kaji, amma ranar sai zagaya rumbun take ta rasa abin yi, ni ma tsoro ya kama ni.

Can muka jiyo kiɗan tulu daga coci, matan zumunta suna koyon waƙa. Mama ko takalmi ba ta sa ba ta zura da gudu. Kafin ka ce me, ga su nan sun cika gidan, matar fasto a gaba, wata da goyo, wata da kacau-kacau a hannu ta manta ba ta ajiye ba.

Suka kewaye jinkar suka ɗaga. Ta tashi kam, har kafaɗa. Amma bakin rumbun ya fi kanmu tsawo, kuma ba mu da dogayen hannuwan maza. Aka yi ta nishi, gefe ɗaya ya sunkuya, aka dire ta da ƙyar. Wata ta ce a kwashe hatsin a kai ɗaki, Mama ta ce mata da irin Hausarmu da ba ta raba mace da namiji, “Da wane lokaci? Kai ba ka ga sama ba?”

Ni ina tsaye ina kallon reshen mangwaron da ya miƙo ta saman rumbun, sai zanen da malaminmu ke yi mana a aji ya faɗo mini. Kayan da ba ka iya ɗagawa tsaye, kana iya turawa a kan gangare, tafiyar ta fi tsawo amma ƙarfin da za ka sa ya ragu. Igiya kuma idan ta bi ta kan abu mai tsawo, ƙasa za ka ja, nauyin jikinka ya taya ka. Na ce, “Mama, a kawo gorar nan biyu na bayan gida da igiyar rijiya.”

“Wannan yarinya ya fara,” in ji wata gwaggona. “Ana maganar ruwa, shi yana maganar makaranta.”

Matar fasto ta ce, “Ku bar shi ya gwada. Akwai wanda yana da wani dabara?”

Muka jingina gorar biyu a bakin rumbun, muka sa tsohon buhu a ƙarƙashinsu don kada su fasa bangon. Na ɗaure zani a ƙugu na hau mangwaron, abin da rabona da yi tun ina firamare, na zura igiyar ta kan reshe. Da farko a tsinin jinkar muka ɗaura, da aka ja sai ta kifa kamar kwando. Nauyinta a ƙasa yake, a faɗin bakinta, don haka muka kwance muka zagaya igiyar a ƙugunta. Aka sake ja, igiya ta cije a ɓawon itacen ta ƙi motsi. Na yi ihu daga sama a miƙo mini buhun taki da man ja. Mama ta miƙo kwalbar tana cewa, “A hankali, na miyan Lahadi ne.” Ko a wannan hali! Na naɗe reshen da buhun, na shafe shi da mai, na shafa wa gorar ma.

Saura abu ɗaya. Kowa na ja lokacin da ta ga dama, ƙarfin yana watsewa. Akwai wata tsohuwa da ba ta iya ja, ita ce mai buga tulu a zumunta. Na roƙe ta, “Kaka, ki buga mana, duk bugu ɗaya mu ja tare.” Ta zauna a kan turmi ta rungume tulunta, matar fasto ta ɗauki waƙa, sauran suka amsa. Wasu na rataye a igiya, wasu na tura jinkar daga ƙasa da taɓare. Sai ga ta tana hawa, kaɗan-kaɗan, tana tsayawa tana ci gaba. Ɗigon farko ya faɗo mini a wuya tana dab da baki. Kaka ta ƙara wa tulun wuta, aka yi wani ja da har gwaggona ta zauna a ƙasa daɓas, jinka ta haye ta zauna.

A karkace ta zauna, amma ta rufe. Ruwa ya kece, mu kuwa ba wadda ta nemi mafaka. Guɗa ake, ana rawa a cikin taɓo, gwaggon nan tawa ta kama kunnena tana dariya. Mama ta taka turmi ta leƙa ta ƙarƙashin ciyawar, ta zura hannu ta damƙo dawa, ta ji ta a bushe. A nan ne ta fashe da kuka.

Ana cikin haka Baba ya shigo, jiƙe sharkaf, babur ya mutu masa a hanya ya ƙarasa da gudu. Ya tsaya yana haki yana kallon rumbun. “Su wa suka ɗora?” Mama ta share fuska da bakin zani ta ce, “Je ka canja riga, za ka yi mura.” Ranar Asabar maza suka zo za su gyara wa jinkar zama, Baba ya ce a bar ta haka. Haka ta zauna a karkace har ta tsufa, duk baƙon da ya tambaya sai ya zaunar da shi ya ba shi labari.

Yanzu gidan kwano ne, hatsi a buhu ake ajiyewa. Mama da Baba sun kwanta dama, yawancin matan nan ma haka, kuma ina kewarsu ƙwarai. Abin da ranar ta koya mini shi ne, idan nauyi ya fi ƙarfina kada in tsaya jiran masu ƙarfi su dawo. In duba ta inda zan bi da shi, in kira waɗanda ke kusa, mu ja lokaci ɗaya. Dawar nan ita muka ci har kaka ta zagayo.