Tasar Mutanen Sur da Na Wanke da Tsamiya

Ƙarfe tara na safiyar wata Litinin aka kai ni shagon. Mu uku ne a ciki: ni, da kawuna wanda ya tsaya mini, da mai shagon, wani tsohon Kwara, wato mutumin Lebanon, da ake kira Baba Ilyasu. Daga nan zan fara, domin har zuwa wannan safiya ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba.

Gidanmu a Kano gidan maƙera ne masu aikin tagulla. Karatuna bai wuce firamare ba. Na zo Landan ina yi wa wani ma'aikacin gwamnati girki, a shekarun da kuɗin mai ya buɗe a Nijeriya. Da ya gama kwas ya koma gida, na ƙi binsa. Na kama ɗaki a unguwar Barking, kawuna ya samo mini aiki a wannan shago kusa da Charing Cross, inda ake sayar da kayan mutanen da.

Baba Ilyasu ya yi cinikin yadi a Kano tun yana saurayi, Hausa ta zauna a bakinsa. Aikina shara, da ɗaukar kaya, da kaɗe ƙura. In babu ciniki sai ya ba ni labarin kakanninsa Finikiyawa, mutanen gaɓar Bahar Rum, waɗanda suka fito daga Sur da Saida cikin jiragen katako, suka kafa birane har ƙasar Tunisiya ta yau.

"Ku Kanawa kuna cika baki da marina," in ji shi wata rana. "Mu tun kafin haihuwar Annabi Isa muke rini da dodon koɗin teku, sai sarki ke sawa."

Na ce, "To Baba, ina rigar take?"

"Ja'iri! Ta ruɓe. Amma zo ka ga wadda ba ta ruɓe ba."

Ya buɗe kabad ya nuna mini wata tasar tagulla da ta yi kore shar. A jikinta akwai zanen jiragen ruwa, a bakinta layin rubutu. Mahaifinsa ne ya tono ta yana haƙa rijiya a gonarsu kusa da Sur. Ya ce ba ta sayarwa ba ce, ranar da yaƙi ya lafa a ƙasarsu shi da ita za su koma. Ni kuwa a raina na ce, da a gidanmu aka bar tasa haka, da an sha mari.

Ga yadda ɓarnar ta bi. Da farko wani ɗan tsohon kwabo ne mai hoton doki ya faɗa bayan kanta. Na tsinta, na sa a aljihu, na ce gobe zan mayar. Ban mayar ba, ba a kuma tambaya ba. Bayansa sai fitilar yumɓu. Bayanta sai duwatsun wuya na gilashi. Masu saye ba wuya, domin a lokacin 'yan kwangila daga gida sun cika otal-otal na Landan, kowa na neman abin da maƙwabcinsa ba shi da shi.

Ɗaya daga cikinsu, wani Alhaji mai harkar siminti, ya ce mini, "Kai ɗan samari, ka daina kawo mini tarkace. Kawo abin da zan ajiye a falo, gwamna ya zo ya yi tambaya."

Ranar Asabar Baba ya tafi ganin likita ya bar mini makulli, kamar yadda ya saba. Na naɗe tasar cikin rigar sanyina.

Alhaji ya kalle ta ya yamutsa fuska. "Wannan dattin? Ko kare ba zan ba ruwa a ciki ba. Ba ka ce kai ɗan maƙera ba ne? Je ka gyara ta."

Na sayi tsamiya a kantin Indiyawa, na kwashi toka a murhun gawayin gidan da nake haya. Na jiƙa tasar, na durƙusa na goge ta yadda na ga ana yi tun ina yaro. Koren ya riƙa fita ina murna. Sai da na ɗauraye na ga jiragen sun tafi tare da shi. Rubutun ma ya tafi. Ashe ƙarfen ya daɗe da cinyewa, zanen a jikin koren yake zaune. A gindinta har rami ya buɗe.

Alhaji ya yi dariya ya ce irinta sun cika kasuwar Kurmi. Duk da haka ya kai ta wani shago a gaya masa darajarta. Masu wannan sana'a sun san juna, sun kuma san kayan juna. Kafin mako ya ƙare 'yan sanda suka zo Barking. Alhaji kuwa ya ce bai san ta sata ba ce, ya hau jirgi ya tafi.

A ofishin 'yan sanda aka ajiye tasar gaban Baba Ilyasu. Ya daɗe yana juya ta. Bai zage ni ba. Ya ce, "Da ka sayar da ita da dattinta, da wata rana na same ta."

Aka ɗaure ni. Kawuna ya daina zuwa sallar Juma'a inda mutanenmu ke taruwa, don kunya, kuma har ya rasu bai sake tsaya wa kowa ba. A kurkuku na koma ga salla, na yi kuka, na tuba. Amma na san karatun da aka yi mini tun ina ƙarami: haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe.

Ranar da aka sake ni ban nufi ɗaki ba, shagon na nufa. Na tarar ana sayar da takalma. Wani maƙwabci ya ba ni kwatancen gidan 'yar Baba Ilyasu. Ta buɗe ƙofa, ta gane ni, ta ce mahaifinta ya rasu a sanyin da ya wuce, an binne shi nan Landan. Na ce ko ya bar wata magana a kaina. Ta ce bai sake ambaton sunana ba. Ta rufe ƙofa.

Yanzu na tsufa. Ina cin halalina, ba wanda ke kuka da ni. Amma ba wanda zan je gabansa in durƙusa, kuma alhakin nan da shi za a tashe ni.

Ku samari da kuke aiki a ƙarƙashin mutane, aka ba ku makulli, aka juya muku baya: abu ɗaya nake roƙonku. In akwai wani abu a aljihunka ko a ɗakinka wanda ba naka ba, komai ƙanƙantarsa, kada ka jira gobe. Tashi ka kai wa mai shi, ka faɗi abin da ka yi da bakinka, ka nemi gafara tun yana da rai da zai amsa maka.