Makaɗin Gayya a Cikin Injin Motata

A Zurgu, da an idar da magariba, kakarmu Iya Tabawa takan jawo tabarma kusa da murhu, tana ɓarar gyaɗa tana yi mana tatsuniya. Ba ta ɗaga murya, mu ne muke matsowa. Ni take fara tsokana: "Mijin nawa, rufe baki kada sauro ya shiga, ga ta nan tafe."

Wadda na fi riƙewa ita ce ta mutanen wani gari da suka kori makaɗin gayya. Wai ba ya riƙe garma, amma in an kawo fura shi ne a gaba. Da wata gayyar ta zo, ƙarti arba'in suka shiga gona babu ganga. Wannan ya ɗaga, wancan ya sauke, garma ta sari garma, har wani ya sare yatsan maƙwabcinsa. Rana ta faɗi ba su yi kunya goma ba.

"Ƙarfi kam akwai shi," in ji Iya. "Mai gaya musu lokaci ne babu."

Bara motata ta tsiro da wani hali. Da safe ta tashi lafiya, in ta yi zafi ta mutu, sai ta huce ta sake tashi. Da ita kuwa nake kai matata, Hajiya Binta, wankin ƙoda Kano duk Talata. Sau biyu tana mace mana a hanya, Hajiya na kwance a baya. Makanikai biyu suka ce sai an sauke injin, aikin sati uku. Ciwon Hajiya kuwa ba ya jira.

Aka nuna mini wani makanike, Malam Sale, a Rano. Ko sifana bai ɗauka ba. Ya bar motar tana aiki har ta mutu da kanta, sannan ya ɗauko butar alwalarsa, ya leƙa gefen injin, ya tsiyaya ruwa kan wani ɗan abu kamar babban yatsa.

"Alhaji, murɗa makulli."

Ta tashi.

"Sensar karanshaf ce," ya ce. "Ita ke bin juyin sandar injin, ta gaya wa fulogi lokacin ba da wuta. Zafi ke sumar da ita." Ya kwance ta, ya nuna mini tsaga a jikinta da garin ƙarfe manne a bakinta. Ya bi wayarta da yatsa, sannan ya sa sabuwa.

Na shiga garejoji a Jidda da Kwatano, na yi gardama da makanikai da Larabci da Faransanci, amma ban ga mai haƙurin jiran mota ta faɗi ciwonta kamar mutumin nan ba. Ashe ba noma Iya take koya mana ba. Cewa take, in manya sun rikice, a fara duba ƙaramin da ba a kula da shi.

Talatar da ta biyo, muna tafe sai Hajiya ta ɗago kai.

"Alhaji, ina muke?"

"Mun shigo Kano, motar ba ta mutu ba ko sau ɗaya."

Sai ta ce, "In mun koma, jan zakaran nan nawa na Malam Sale ne."