Tukunyar Mma da Dogon Bakina

Mahaifiyarmu, wadda duk unguwarmu ta Moshi Zongo ke kira Mma, ta rasu ta bar mana ɗakuna uku, da tumaki, da wata koriyar tukunyar tangaran da ke zaune a barandar ɗakin gaba tun ban san damana da haguna ba. A cikinta take shuka daddoya. Ƙatuwa ce, ƙugunta ya fi nawa, kuma ni ba siriri ba ne. Ga sheƙi, ga zanen furanni rawaya a wuyanta.

To, ni Allah ya yi ni da baki. Duk baƙon da ya shigo gidan sai na ja shi gaban tukunyar nan. Na ce daga ƙasar Sin aka kawo ta a jirgin ruwa. Na ce wani Bature ya yi kuka ranar da ya rabu da ita. Wata rana da shayi ya yi daɗi, na ce kuɗinta zai gina bene a unguwar Choggu har a sami canjin sayen yalo-yalo biyu, wato keken haya mai ƙafa uku.

Ranar rabon gado malam ya zauna a tabarma, ni da yayata muna gabansa, mu biyu ne magada. Ni ɗakin gaba nake so. Yana kallon titi, kuma shekara goma ina ɗinki a wani lungu da ko akuya sai ta yi tambaya kafin ta gano shi. Ita ma Yaya shi take so.

Kafin in buɗe baki ta ce, “Allah gafarta malam, a ba shi tukunyarsa. Ai bene ce. Ni talaka a bar min ɗakunan.”

Na ce, “Haba Yaya, hira ce fa!”

“Hira? Ka rantse a gaban surukina!”

Malam ya danne dariya ya ce ba a raba abin da ba a san ƙimarsa ba, a nemo masani. Yaya ta ce kome masanin ya faɗa, tukunya dai tawa ce, malam shaida.

Washegari na ɗauko wani dattijo a bayan babur, mai sayar wa Turawa tsofaffin kaya. Tun a hanya nake rage wa tukunyar daraja, don in ta yi tsada, ita kaɗai ce rabona, ɗaki ya kuɓuce min. Na ce, “Alhaji, tarkace ce kawai, ko kaji ba sa kallonta.”

Ya ce, “Ba kai ne ka taɓa ce min Bature ya yi kuka ba?”

Ashe har shi na taɓa kamawa.

Ya tsuguna ya ƙwanƙwasa ta da zobe, ta yi ƙara kamar ƙararrawa. Ya shafa ƙananan tsage-tsagen da ke cikin sheƙin, ya ce wannan tsufa ne na gaske, ba na jabu ba, irin kayan da ’yan kasuwa ke haurowa da su daga bakin teku a zamanin kakanni. Gumi ya karyo min. Yaya kuwa har ta fara gyara ɗaurin kallabi.

“Amma sai na ga hatimin da ke gindinta,” in ji shi. “Shi zai faɗi inda aka yi ta. In babu shi, ba ni da farashi. Ku ɗaga.”

Na kama, ban motsa ta ba. Muka kama mu uku har jijiyar wuyana ta kusa tsinkewa. Dattijo ya share ƙasar gindin da hannu, sai ya zauna daɓas yana dariya. Ashe Mma ta sa an dasa ta cikin siminti. Yaya ta dafe kai ta ce yanzu ta tuna, shekarar da rago ya kusa kifar da ita ne.

Dattijo ya ce, “Hajiya, in kun fasa simintin, tukunya ta tafi. In kun bar ta, ba mai saye, sai wanda zai sayi barandar.”

Da muka koma gaban malam, na gyara murya na ce, “Yaya ta ba ni tukunya, kai ne shaida. Ni kuma ba zan iya ɗauke ta ba.”

Yaya ta harare ni har na ji zafi a kunci. Ta daɗe tana kallon tukunyar, sannan ta ce, “Ba za a fasa kayan Mma a kan ɗaki ba. Ɗauki ɗakin, maƙaryacin banza. Amma ɗinkin Sallata kyauta ne har ka mutu.”

Ranar Asabar na shigo da keken ɗinkina.